Malam da Mushe a Misfala

Sai da na sauka Jidda na gane cewa makarantar da aka ce zan koyar da Turanci a cikinta babu ita a ko'ina sai a bakin ejan ɗin da ya yi mini biza. Mutumin da ya zo ɗaukata a filin jirgi ya karɓi fasfona ya jefa a aljihu, ya dubi jakar littattafan da na rungume, ya tambaye ni da Larabci ko karatu na zo ko aiki. Bayan sati uku iƙamata ta fito, wato katin izinin zama, na duba gurbin sana'a na ga an rubuta lebura. Ni Nasiru, mai digiri a Hausa da Turanci, wanda ya shekara shida yana bin rubutun 'yan sakandare da jan biro a Kano. Na karanta kalmar sau uku ko za ta canja, ba ta canja ba.

Daga Jidda aka loda mu zuwa Makka, aka sauke mu a Aziziyya, inda ake gina wani dogon bene na saukar alhazai. Aikina ɗaukar kwalayen tayil daga ƙasa zuwa hawa na biyar. Larabcin da na taho da shi na Islamiyya ne, mai cikakken wasali, duk wanda na yi wa magana sai ya yi dariya ya ce in sake, wai kamar liman yake ji. A sati na biyu tafin hannuna ya ɗaye, na zauna a kan matakala ina hura shi, ina tunanin matata Binta da 'ya'yana biyu da na bari a Gwammaja da alkawarin za su ji alheri. A nan wani siririn mutum mai hushirya ya tsaya a kaina, ya cire ƙyallen da ya ɗaure kansa, ya yaga gida biyu ya naɗe mini hannu.

"Wanga hannu na alli na, ba na siminti ba," in ji shi. "Ni ma haka nawa ya yi shekarar da niz zo. Wata biyu shina warkewa."

Sunansa Lawali, mutumin Maraɗi. Kafin a tashi daga aiki na ji 'yan Nijar da ke wurin suna kiransa, "Mushe! Mushe Lawali!" Na juya ina jiran in ga an yi dambe, sai na ga ya amsa da fara'a. Da na kasa daurewa na tambaye shi, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce ya san abin da Kanawa ke nufi da mushe, dabbar da ta mutu ba yanka, amma su a Nijar malamin makarantar boko ake ce wa haka, daga Faransanci kalmar ta zo. Ya shekara tara yana koyarwa a wani ƙauye kafin ya taho. Na ce masa Allah ya sawwaƙe a kira ni da wannan suna ko da albashin gwamna ne. Ya ce to, ni in riƙe Malam ɗina.

Shi ya fitar da ni daga kwantenar da kamfani ya zuba mu, ya kai ni ɗakinsu a Mansur, can saman dutse, inda sai ka tsaya ka huta sau biyu kafin ka isa ƙofa. Mu biyar ne a ɗakin. Ya matsar da katifarsa ya yi mini wuri kusa da na'urar sanyaya ɗaki, ya nuna mini matar da ke sayar da tuwo da miyar kuka a lungun ƙasa, ya koya mini wajen gaisuwa in daina cewa "kaifa haluka" in riƙa cewa "kef halak" kamar mutane. Ranar da na fara cin tuwon nan hawaye ya zubo mini, ya yi kamar bai gani ba, ya ce yajin matar ne ya yi yawa.

Wata bakwai na yi ina dakon tayil. Wata Juma'a bayan an sauko daga Harami na ratsa ta Misfala, na tarar da wata tsohuwa 'yar Umara a ƙofar wani shagon turare, tana ta faɗa da Hausa, ma'aikacin shagon yana ta faɗa da Larabci. Ita turaren wuta take so, shi kuma yana ta fesa mata na kwalba a hannu. Na shiga tsakani, cikin minti biyu aka gama ciniki. Ashe mai shagon yana zaune a ciki yana kallo. Abu Bandar ake ce masa, dattijo mai tumbi da jan gemu na lalle, yana da shaguna huɗu a layin, na turare da darduma da carbi da jallabiya. Ya ce rabin masu saye a wurinsa Hausawa ne, kuma ya gaji da ganin suna wucewa shagon maƙwabcinsa saboda akwai mai jin yarensu a can. Da ya ji ni malamin Hausa ne na gaske, mai takarda, sai ya ce zai mayar da iƙamata ƙarƙashinsa, ya zama kafilina, wato mai ɗaukar nauyin zamana a ƙasar, in riƙa koya wa ma'aikatansa Hausa kowace safiya kafin a buɗe shago.

Ban taɓa jin daɗi a ƙasar nan irin na ranar ba. Na sayi allo fari da alƙalamansa, na goge takalmina. Ajina a saman shagon darduma yake, a ɗakin ajiyar kaya. Ɗalibai bakwai ne, duk magidanta: Abdu ɗan Yaman, wanda shi ne babba a cikinsu, da 'yan Bangaladash uku, da ɗan Masar ɗaya, da manyan 'ya'yan Abu Bandar biyu. Shi kansa Abu Bandar yakan hau ya zauna a baya a kan tulin darduma yana jan carbi.

Na fara da inda ya kamata a fara, wato baƙaƙe masu lanƙwasa. Sati biyu muna kan bambancin "kafa" da "ƙafa". Daga nan muka shiga jinsi, namiji da tamata, sai wakilin suna, sai lokutan aikatau. Bayan wata uku Abdu yana iya cewa "Audu ya tafi kasuwa jiya, Kande za ta tafi gobe" ba tare da kuskure ba. Ni a ganina aiki yana tafiya. Cewa ba wanda ya taɓa shigowa shago neman labarin Audu da Kande, wannan bai dame ni ba.

Bayan azumi tarin da ake ɗauka a cunkoson Harami ya kwantar da ni. A lokacin aikin Aziziyya ya tsaya, kafilin Lawali ya ɓace, wayarsa a kashe, iƙamar Lawali kuma saura 'yan watanni ta mutu ba mai sabunta masa. Yana zaune a ɗaki ba aikin yi, shi ke dafa mini citta da lemon tsami. Ni da bakina na ce ya je ya riƙe mini ajin na sati ɗaya, kada a manta da ni. Har na ba shi littafina na nuna masa shafin da muka tsaya.

Kwana goma na yi. Ranar da na koma, tun daga ƙasan matakala na ji dariya, irin wadda ban taɓa ji a ajina ba. Na hau na tarar da Lawali ya yafa darduma a ka, ya karkace baki, ya zama wata Hajiya mai ciniki. Abdu na tsaye a bayan kwali yana cewa, "Hajiya, taya mana! Kaya mai kyau, Allah ya sa a yi Arfa da ke!" Lawali ya taya da muryar tsohuwa, Abdu ya kaɗa kai ya ce, "Albarka!" Ɗan Masar ya faɗi a kan darduma don dariya. Abu Bandar da na saba gani yana gyangyaɗi ya ajiye carbi yana tafi. Littafina yana kan taga inda aka ajiye shi, an ɗora kofin shayi a kai.

Kishi ya kama ni a wurin, ba zan ɓoye ba. Na yi murmushi na ce madalla, amma da za a tsaga zuciyata a lokacin da ba a ga fari ba.

Abu Bandar ya ce mu ci gaba mu biyu, ni nahawu, Lawali ciniki. Sai dai ya faɗa mana a fili cewa gurbin malami ɗaya yake da shi a takardunsa. Tawa iƙamar bayan Hajji za a sabunta ta, ta Lawali ma a lokacin za ta mutu, don haka bayan Hajji zai ga wanda zai riƙe. Wanda bai riƙe ba ya san sauran, sai gida. Lawali ya ce mini a hanya, "Kak ka damu, Malam, wurinka na. Ni riƙo ni kai." Na ce haba, ai duk ɗaya ne. A raina kuwa na ce ji makirin mutum, har da lallashi.

Watannin da suka biyo baya ba na son tuna su. Kwano ɗaya muke ci da shi, katifarmu na gogar juna, amma idan ya yi tari sai in ji kamar da gayya ya yi. Ma'aikatan kan zo masa da burodin tamis mai zafi da shayi da na'ana'a, ni sai in an tuna a ce, "Ya ustaz, kai ma za ka sha?" Rabin awata idan ta zo sai a fara duba agogo. Tasa idan ta zo har masu shagunan maƙwabta kan leƙo. Na shiga yi masa gyara a gabansu. Ya ce "tahi", in ce "tafi". Ya ce "biyat", in ce "biyar", in rubuta a allo da manyan baƙaƙe. Wata rana na ce wa ajin Hausar da yake koya musu ta ƙauye ce. Bai ji haushi ba, ya ce, "Gaskiyar Malam ta. Amma Sakkwatawa da mutanenmu su ma suna sayen carbi, ku riƙe duka biyun." Abu Bandar ya ce, "Sah, ya Mushe," wato gaskiyarsa ce. Na tsaya da alƙalami a hannu ban san inda zan sa kaina ba.

Duk sun ɗauki sunan, Mushe kaza, Mushe kaza. Ban da ni, ba Bakanon da ya taɓa ji, don Lawali ba ya tsayawa a shago, takardunsa ba na wurin ba ne. Daga aji sai ya sulale ta ƙofar baya.

Da alhazai suka fara sauka, labari ya zo cewa wani babban malami daga Kano, wanda ke jagorantar ayari mai yawa, zai ziyarci Abu Bandar. Idan ya gamsu, duk tsarabar mutanensa a shagunan nan za a saya, kuma ba na shekara ɗaya ba. Abu Bandar ya ƙudura zai tarbe shi da Hausa. Ni da nake Bakano, wanda na san gidan malamin, na taɓa zama a karatunsa, ba a neme ni ba. Lawali aka ce ya tsara jawabin. Ya tsara masa gajere mai kyau, ya rubuta da baƙaƙen Larabci: sannu da zuwa babban malamin Kano, Allah ya karɓi ibada, shagona shagonka ne.

Ana jibi baƙon zai zo, da hantsi, na ɗauko kwalin carbi zan kai sama. Ina tsakiyar matakala na ji muryar Abu Bandar yana maimaita jawabin, Abdu yana saurare.

"Sannu da zuwa, babban mushen Kano."

Na tsaya cik. Abdu ya ce masa da Larabci, ai a takarda "malam" aka rubuta. Abu Bandar ya ce ya sani, shi ya canja. Ya ce, "Ya Abdu, ka yi tunani mana. Nasiru shi ne malam, Lawali shi ne mushe. Wa ya fi wani iya koyarwa? To malam ƙaramin ustazu ne, mushe babba. Zan kira shehi guda da sunan ƙaramin?" Abdu ya ce wallahi haka ne.

Matakala shida ce tsakanina da su, na ƙirga ta daga baya sau da yawa. Kalma ɗaya za ta isa. Amma abin da ke yawo a kaina shi ne "ƙaramin ustazu". Digirina, shekaruna shida, baƙaƙena masu lanƙwasa, ashe duk a wurin mutumin nan ƙaramin ustazu ne. Na juya a hankali na sauka da kwalin, na ajiye a bayan kanta, na ce wa ɗan Masar bayana ke ciwo, ya kai sama in ya samu sarari. Kwana biyu ina da damar magana. Na ci tuwo da Lawali sau huɗu a cikinsu.

Ranar ta zo. An share shago, an kunna turaren wuta mai tsada, an jera dabino da gahawa. Malamin ya iso bayan La'asar da mutane kusan goma, dattijo mai natsuwa, da farin rawani. Lawali yana sama, an ce kada ya sauko. Ni ina gefe, an ce in tsaya ko za a buƙaci tafinta. Abu Bandar ya buɗe hannuwa, ya ɗaga murya yadda har na kan titi za su ji, ya faɗe ta. Kuma a bakin Balarabe kalmar ta fito sak yadda Bakano ke faɗinta idan ya ga mataccen jaki a bakin kwata.

Wani daga cikin almajiran malamin ya ce, "Me ya ce?" Abu Bandar ya ɗauka ba a ji ba ne, ya sake faɗa, har da dafa ƙirji. Wani ya yi salati, wani ya yunƙuro sai da aka riƙe shi. Malamin ya dubi Abu Bandar, ya dube ni, ya mayar da ƙwayar dabinon da ya ɗauka cikin faranti, ya ce wa mutanensa, "Mu je, lokacin salla ya gabato." Na bi su da gudu ina cewa, "Allah gafarta Malam, kuskuren harshe ne." Gudun ma na munafunci ne, don na san ba za su juyo ba.

Abu Bandar ya ja ni cikin shago ya rufe ƙofa, fuskarsa ta yi ja.

"Esh ya'ni mushe?" in ji shi, wato me kalmar take nufi.

Na ce, "Jifa." Haka ake ce wa mushe da Larabci.

Ya dafe kanta. Ya ce, "Bas, shi ke nan? Ba ta da wata ma'ana?"

A nan ma ƙofa a buɗe take. Da na ce a Nijar malami ake nufi, kuma Lawali bai taɓa sa kalmar a jawabin ba, da wataƙila ya huce bayan kwana biyu. Sai na ji bakina yana cewa, "A Hausar da na karanta a jami'a, babu."

Ya ce wato wata da watanni mutumin nan yana sa shi da 'ya'yansa suna kiran jifa, yana yi musu dariya a ciki. Bai yarda ya ga Lawali ba. Abdu ya aika ya gaya masa ya sauka ta baya, kada ya sake taka layin. Bayan Hajji aka sabunta mini iƙama. Na karɓi katin na sa a aljihu, ban nuna wa kowa a ɗakinmu ba.

Lawali ya yi ta neman wani kafilin bai samu ba. Shekarar an tsananta bincike, askarawa na tare hanya suna duba takardu, masu ɗaukar aiki kowa na tsoro. Da iƙamarsa ta mutu ya yi wata biyu bai sauko daga dutsen ba. Ni ke kawo masa tuwo, yana yi mini godiya, godiyar tana ƙona ni. Yakan tambaye ni ajin, ko Abdu ya iya "sai an jima" yanzu, ko ɗan Masar ya daina cewa "Hagiya". Ajin kuwa ya koma yadda yake a da, ana duba agogo. Na gwada yafa darduma a ka sau ɗaya, ba wanda ya yi dariya, na cire.

Daga ƙarshe ya ce ya gaji da ɓuya, zai kai kansa tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu. Wanda ya bi ta nan ba ya dawowa da wuri, wani ma har abada. Da safe na raka shi bakin titin Mansur inda ake shiga mota, ina riƙe da jakarsa. Ba ta da nauyi, kaya kala uku ne da 'yan carbi na 'ya'yansa mata.

Muna tsaye ya ce, "Malam, akwai abin da ni ka son in hwaɗa ma tun tuni."

Na ce ina ji.

"Jawabin nan, da na kawo ma ka duba, kai da kas san Kanawa, kai ka zaunar da shi ka koya mai, da ba a yi haka ba. Na yi niyya, wallahi. Amma na ce in na kawo, za ka cika shi da jan biro gaban mutane. Kishinka ni kai, Malam. Kai ad da digiri, kai ad da Hausar littahi, ni ko sai wasan kwaikwayo. Na so in yi abu guda ni kaɗai a ce ya yi kyau. Ga inda ta kai mu, har kai na ja ma kunya gaban malaminku. Ka yahe mani."

Na ce, "Na yafe." Sannan na faɗi abin da kowa ke faɗa idan za a rabu, na ce, "Ni ma ka yafe mini."

Ya yi dariyar nan tasa, hushiryarsa a waje. "Kai mi kay yi mani, in ba alheri ba? Wa ab ba ni ajinai? Wa ka kawo mani tuwo?"

Ya tsaya yana kallona, da gaske yake jiran amsa. Mota ta tsaya a gabanmu, direba yana ta "yalla, yalla". Na miƙa masa jakarsa, na ce ya yi sauri kada wani ya riga shi kujerar gaba.